Baƙin Fadamar Rima Suna Buƙatar Hurumi

A ƙarshen watan Agustan bara ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini wasu hotuna ta WhatsApp, kuma abin da na fara yi da na buɗe su shi ne dariya. Dattawa ne maza da mata, sun kai goma, zaune a kan benci cikin wata doguwar bukkar katako mai siririyar taga, kowannensu ya manna ido ga madubin hangen nesa, a gabansu kuwa babu komai sai taɓo da ruwa iya idon sawu da 'yan tsuntsaye suna caccakar laka. Ya ce mini sunan wurin Titchwell, a gaɓar tekun Norfolk, kuma wasu daga cikin mutanen nan tun da asuba suka baro garuruwansu, suka ƙona mai, suka biya kuɗin shiga, don kawai su zo su zauna su yi tsit. Na ba shi amsar da kowane Basakkwace zai bayar, cewa wanda cikinsa ya cika shi ke da sukunin kallon tsuntsu. Bai yi gardama ba, sai ya ce, "Yaya, ai baƙinku ne suke yi wa rakiya." Shekara guda ke nan maganar tana yi mini yawo a rai, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga abin da yake nufi. Lokacin da mu nan Sakkwato muke tsakiyar malka, gero ya fitar da kai, hanyoyin ƙauye sun zama taɓo, su can arewacin duniya lokacin zafinsu ne yake ƙarewa, kuma tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a filayen Finland da Norway da arewacin Rasha sun fara haramar tafiya kudu, domin ba da jimawa ba ƙanƙara za ta rufe ƙasar da ke ciyar da su. Iyaye su ne kan fara tashi tun cikin Yuli, 'ya'yan kuma su biyo baya a Agusta da Satumba su kaɗai, babu wani babba da zai nuna musu hanya, abin da duk lokacin da na tuna shi sai na yi tasbihi. A kan hanya tilas su yada zango inda akwai laka mai tsutsa da ƙananan dodon koɗi, shi ya sa ƙarshen Agusta ya zama kakar masu kallon tsuntsaye a gaɓar teku da fadamun Turai. Masu kula da irin wurin da ƙanena ya je suna da ƙofofin ruwa da suke buɗewa su rage zurfin tafki da gangan a daidai wannan lokaci, don laka ta fito fili baƙi su sami abin kalaci. Masu kallo su ma sai sun duba jadawalin cikar teku kafin su fito, saboda idan teku ta cika ta rufe lakar gaɓa, tsuntsaye kan tashi dubu-dubu su dawo tafkunan da ke bayan gaɓar, inda ake ganinsu kusa-kusa. A tekun Wadden, wadda Holan da Jamus da Denmark suka yi tarayya a kanta, tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ne ke bi ta wurin kowace shekara.

Daga can hanya ta rabu biyu. Wasu su bi gaɓar teku har Banc d'Arguin a Muritaniya, inda kimanin miliyan biyu ke cin hunturu, wasu kuma su keto Bahar Rum su fuskanci Sahara kai tsaye, tafiyar kusan kilomita 2,000 babu ruwa babu inuwa. Akwai wata 'yar tsuntsuwa mai zama cikin ciyawar bakin tafki wadda nauyinta bai wuce na ƙwayar sukari uku ba, wajen giram 12. A watan Agusta takan zauna cikin fadamun kudancin Ingila da arewacin Faransa tana cin ƙananan ƙwari har nauyinta ya kusan ninkawa, kuma wannan kitsen shi ne guzurin da take ƙonawa har ta iso wannan ɓangare na hamada. Wanda ya tsira daga wannan tafiya, ruwan farko da ya gani nan zai faɗa. Ruwan farkon nan kuwa ba shi da yawa: bakin kogin Senegal, da fadamar Neja ta tsakiyar Mali, da tafkin Chadi, da fadamar Haɗejiya da Nguru, sannan a tsakaninsu akwai tafkunan Jamhuriyar Nijar da fadamar Rima da ta gulbin Sakkwato. Na ƙasarmu galibi daga tsakiyar Turai da gabashinta suke fitowa, na Ingila sun fi karkata wajen Senegal da Mali, amma jinsi ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, kuma ƙishirwa ɗaya ce.

Ra'ayina shi ne ya kamata Jihar Sakkwato ta ware wani yanki na fadamar Rima ya zama hurumi, ba a harbi a cikinsa, ba a zuba guba, ba a gini, sannan a sa mutanenmu su riƙa ƙirga tsuntsayen da ke sauka a ciki daga ƙarshen Agusta har bayan hunturu, shekara bayan shekara. Ba don in faranta wa dattawan Norfolk rai nake faɗin haka ba. Dalilina shi ne tsuntsun ruwa shi ne ma'auni mafi arha da muke da shi na lafiyar fadama, kuma fadamar nan ita ke riƙe da shinkafar Wurno, da albasa da tafarnuwar Goronyo, da kifin da ake soyawa a Kwalkwalawa, da shanun da ke saukowa burugu da rani.

Akwai shaida a kan wannan, kuma shaidar tana da ɗaci. A shekarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Birtaniya suka wayi gari wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ta cika shingayen gonakinsu, ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Sun iya gane haka ne domin tun 1962 suke ƙirga ta a gonaki guda, da tsari guda. Sai bayan 'yan shekaru suka gano cewa dalilin ba ya ƙasarsu, yana nan wurinmu: damina ta gaza a yankin Sahel a 1968, tsuntsayen suka rasa ƙwari da 'ya'yan itacen da za su yi kitsen komawa, suka mutu a hamada. Wato farin da ya zo ya kashe mana shanu ya watsa mutane a 1972 da 1973, wanda dattawanmu har gobe suke lissafin shekaru da shi, ya bayyana cikin littafin wani mai kallon tsuntsu a Ingila shekaru kafin duniya ta ji kukanmu. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu ba mu da ko shafi ɗaya na irin wannan lissafi.

Da kaka ta yi, cikin watan Oktoba, sai na ari madubin hangen nesa wurin wani abokina, na kama hanyar jami'a bayan sallar asuba, na sauka kusa da gadar Kwalkwalawa. Ruwa ya fara ja baya, ya bar harsunan laka masu sheƙi tsakanin gonakin shinkafa, bado ya buɗe fari fat a 'yan kududdufai, balbela kuwa jere a kan giyayya kamar an shanya fararen huluna. Zalɓe ɗaya yana tsaye cikin ruwa, ya lanƙwashe wuya, bai ko motsi. A bakin lakar ne na ga su: tsuntsaye wajen arba'in, masu launin ƙasa da dogayen ƙafafu, wasu manya wasu ƙanana ƙwarai, suna tafe suna soka baki cikin taɓo da sauri kamar mata masu tsintar shinkafa bayan girbi. Daga baya na fahimci manyan maza ne, ƙananan mata, kuma namijin nan da na gani fayau haka, a ƙasarsu lokacin aure wata geza ce ke fito masa a wuya kamar ta rago, ya yi ta tsalle yana nuna kansa a dandali. Nan wurinmu da tufafin tafiya yake zuwa, shi ya sa ba mai kula shi.

Wani tsoho masunci da ke gyaran birgi a gindin gadar ya daɗe yana dubana kafin ya yi magana.

"Ɗana, mi kaka biɗa ga ruwanga da hwarar sahiya?"

Na ce, "Baba, tsuntsaye nake kallo."

Ya yi shiru, ya ja zare da haƙori ya tsinke, sannan ya ce, "To zamna in gaya maka waɗanda ba ka gani ba."

Na zauna, kuma a cikin sa'a guda ya karanta mini abin da babu shi a littafin kowa. Ya ce a ƙuruciyarsa kirinjijiya kan hana su barci da fito idan suka kwana bakin ruwa, dinya kuwa takan sauka a fili ana kallonta, gauraka ma bibbiyu suke yawo cikin fadama, ana jin kukansu tun daga nesa, amma rabonsa da ganin gauraka a sake ya fi shekara talatin, sai dai wadda aka yanke wa fiffike a gidan masu hali. Ya ce ƙananan agwagin nan masu farin gira da ke zuwa bayan an yanke gero, su dai baƙi suke ce musu, kuma sun san shekarar da baƙi suka yi yawa shekarar kifi ce, domin ruwan da ya kawo wannan shi ya kawo wancan. Ya ce mahaifinsa ya taɓa kama ɗaya daga cikinsu da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun boko a jiki, aka yi ta zagayawa da shi gari ana mamaki, har aka adana zoben cikin tandu. Da na ji haka sai na tuna farar shamuwar nan ta Turai da aka harbo a arewacin Jamus a 1822 da mashin Afirka cake a wuyanta, wadda har yau take ajiye a jami'ar Rostock, kuma ita ce ta tabbatar wa Turawa inda tsuntsayensu ke tafiya da hunturu. Su sun sami mashinmu sun gina ilimi a kansa, mu mun sami zobensu mun sa a tandu.

Wannan tsoho ya isa amsa ga masu cewa lura da tsuntsu al'adar Nasara ce. Bahaushe ya daɗe yana karanta shekara a jikin tsuntsu. Isowar shamuwa a ƙarshen bazara ita ke sa manomi ya duba iri ya wasa fartanya, kuma duk ƙauyen da na sani ba a jifarta, ana barinta ta yi sheƙa a tsamiyar tsakar gari. Ita ma matafiya ce, don da zarar damina ta ƙare sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, kusan daidai lokacin da baƙin arewa ke isowa, kamar masu canjin aiki. Harshen da ya bambanta zalɓe da balbela, da kwasakwasa da borin-tinke, da carki da cilakowa, ba harshen mutanen da ba su ɗaga kai sama ba ne. Alƙur'ani ma a cikin Suratul An'am ya gaya mana cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi da fikafikai al'ummomi ne kamarmu, a Suratul Mulk kuma ya tambaye mu ko ba mu dubi tsuntsaye a samanmu ba suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa. Abin da muka rasa ba sani ba ne, rubutawa ce, da kuma dagewa a kan rubutun har ya yi shekarun da zai iya zama hujja.

Hujjar kuwa muna buƙatarta, domin maganar tsuntsu a gaskiya maganar ruwa ce, kuma ruwan Rima da na gulbin Sakkwato yanzu ba damina kaɗai ke juya shi ba. An kammala madatsar Bakolori a 1978, tana riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta Goronyo kuma, wadda aka gama a 1984, an gina ta ne don ta riƙe miliyan 942. Ba na cikin masu cewa da ba a gina su ba. Birnin Sakkwato da ruwan Goronyo yake sha, kuma noman rani ya tsamo gidaje da yawa daga yunwa. Amma binciken da aka yi a ƙasan Bakolori bayan an tare ruwa ya nuna ambaliyar da ke shimfiɗa a fadama ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa masu ƙarancin riba, kifi ya ja baya, masunta suka yi ƙaura. A fadamar Haɗejiya da Nguru, bayan madatsar Tiga ta 1974, masana tattalin arziki sun zauna a farkon shekarun 1990 sun auna, suka tarar ruwan da aka bari ya malala a fadama, idan aka haɗa shinkafa da kifi da itacen wuta da yake samarwa, ya ninka amfanin wanda aka tare don noman rani a sama sau da yawa. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da zai yi da nasa. Mu nan ambaliya ba ta shiga bakinmu sai ta zo da ɓarna, kamar ta Satumban 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ta raba ƙauyuka da muhallinsu, amma ambaliyar kirki, wadda ke zuwa a hankali ta kwanta wata biyu ta cika rijiyoyi ta ba kifi wurin ƙwai, idan ta ƙi zuwa babu mai kai rahoto. Tsuntsayen ruwa su ne ke kai wannan rahoto, in da mai karɓa.

Na san abin da manomin shinkafa zai ce, kuma yana da gaskiya: shi tsuntsun da ya sani jan-baki ne. Duk wanda ya taɓa ganin garken jan-baki ya sauko kan shinkafa mai nono kamar hayaƙi, yara suna ta kaɗa gwangwani tun safe har muryarsu ta dushe, ba zai yi wa manomi wa'azin son tsuntsu da sauƙin baki ba. Sai dai a nan ma rashin ƙirga da rashin bambancewa ne ke cutarmu. Jan-baki ba baƙon Turai ba ne, ɗan gida ne mai cin ƙwayar ciyawa, kuma a Haɗejiya abin da ya ƙara masa mafaka shi ne ciyawar kacalla, wadda ta mamaye hanyoyin ruwa bayan madatsu sun hana fadama bushewa a lokacinta. Baƙin da na gani a Kwalkwalawa tsutsa suke ci da ƙwari, in sun ci shinkafa ma galibi wadda ta zube ce bayan girbi. Balbela da shamuwa kuwa ma'aikatan manomi ne da ba ya biya, don fara da tsutsar gona su ne abincinsu. Idan jirgi ya zo feshin jan-baki da dare, maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu, kuma shaho da shirwar da suka ci mushen su ma sun tafi. Wanda ya san inda jan-baki ke kwana da inda tsuntsayen ruwa ke kwana shi ne zai iya nuna wa matuƙin jirgi inda zai fesa da inda zai kauce, kuma wannan sani daga ƙafar mai ƙirga yake fitowa.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Za a ce mini, a jihar da mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo ba su iya zuwa gona sai da fargaba, wane mai hankali ne zai kawo zancen tsuntsu? Ni ma na tambayi kaina haka, kuma ba zan ɓoye ba, ranar da na tsaya a bakin gada da madubi a ido na ga yadda masu wucewa ke dubana, na gane cewa a wasu ƙauyukan gabas irin wannan tsayuwa tana iya sa a ɗauki mutum ɗan leƙen asiri. Saboda haka ba na cewa a tura kowa inda rayuwarsa za ta shiga haɗari, kuma ba na cikin masu yi wa gwamnati romon baka cewa Turawa za su cika otal-otal ɗinmu da daloli idan aka yi gandun tsuntsaye. Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke Jihar Yobe, ta karɓi mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, a 1989, amma ziyarar manya ba ta mai da ita Titchwell ba. Ƙungiyar da ke riƙe da Titchwell tun 1889 aka kafa ta, mambobinta sun haura miliyan ɗaya, kuma kuɗin 'yan ƙasa ne ke tafiyar da ita, ba na baƙi ba. Abin da nake cewa shi ne rikicin da ke cin mu yana da saiwa a ƙarancin ruwa da makiyaya, kuma kowace fadamar da ta bushe ko aka cinye ta da gini tana ƙara matse makiyayi da manomi wuri guda. Kula da fadama ba ya cikin abubuwan da za a jira sai zaman lafiya ya dawo. Yana cikin abubuwan da zaman lafiyar zai tsaya a kansu.

A kan takarda ƙasarmu ba ta yi baya ba. Tana cikin yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairun 1971, kuma tafkin Nguru shi ne wuri na farko da ta sa cikin jerin, daga baya Baturiya da Dagona da tsibiran Foge na tafkin Kainji da wasu suka biyo. Babu ko ɗaya a Jihar Sakkwato, alhali maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar sun shigar da tafkin Tabalak tun 2005. Zan yi murna idan tafkin Kware ko fadamar Wurno suka shiga wannan jeri, amma ba daga nan nake so a fara ba, domin na ga allunan gwamnati da yawa da suka yi tsatsa a bakin dajin da aka riga aka sare. Da tsohuwar zuma ake magani. Kalmar hurumi ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, kuma asalinta sananne ne a shari'a: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza, don amfanin jama'a. A Labanan tun 2004 masu kare tsuntsaye suka farfaɗo da wannan tsari suka damƙa shi ga ƙauyuka. Kusa da mu kuwa ga Argungu, inda gulbin Matan Fada ke rufe ga masunta har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma wannan hanin shi ne sirrin manyan giwan ruwan da ake fitarwa ranar biki. Dokar da hakimi da Sarkin Ruwa da limami suka tsaya a kanta ta fi wadda aka buga a gazet tsawon rai a bakin gulbi.

Don haka abin da nake roƙo ƙarami ne. A zaɓi wuri biyu da ake iya zuwa lafiya, wani yanki na fadamar Kwalkwalawa da wani ɓangare na tafkin Kware, a zauna da masu gonaki da masunta da Fulani a shata iyaka da yardarsu. Kada a hana kowa noma ko su ko kiwo, domin gandun da aka kori mutane daga cikinsa gaba yake haifarwa; a hana abu huɗu kawai, harbin tsuntsu da kama shi da raga, zuba gamalin ko maganin gona cikin ruwa don kashe kifi, su da gidan sauro, da cike fadama da ƙasa don a yi gini. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ɗalibanta ke ratsa wannan fadama safe da yamma, tana da sassan da ke koyar da gandun daji da kifi da ilimin halittu, kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos tana horar da irin waɗannan matasa, ita ce ma ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015. Ɗalibai goma da madubi biyar da littafin rubutu, tare da tsofaffin masunta biyu da za a riƙa biyan ladan saninsu, sun isa su fita sau biyu a wata daga ƙarshen Agusta, su kuma shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowane Janairu tun 1967. A rubuta sunayen da Hausa kafin masu sunayen su ƙare. Kuɗin wannan duka ba shi da yawa.

Babban abin da ƙirgar za ta saya mana shi ne baki a teburin da ake yanke shawarar sakin ruwa. Idan bayan shekara biyar ko goma muka iya ajiye lissafi muka ce a shekarar da ruwa ya kwanta sati takwas a fadama ga yawan tsuntsaye, ga yawan kifi, ga zurfin rijiyoyin noman rani, a shekarar da ya kwanta sati biyu kuma ga abin da ya faru, to masu riƙe da makullin madatsa za su sami abin da za su tsara sakin ruwa a kansa, yadda masu kula da Titchwell ke tsara nasu. Kuma fadama tana da saurin yafiya idan aka mayar mata da ruwanta. A Minsmere da ke gaɓar Suffolk a Ingila, sojoji ne suka malala ruwa a filayen kiwo lokacin yaƙin duniya na biyu don su tare hanyar abokan gaba, ba don tsuntsu ba, amma a 1947 wani tsuntsu mai baƙi da fari da baki mai lanƙwasa sama, wanda ya yi shekara ɗari bai yi ƙwai a ƙasar ba, ya dawo ya yi sheƙa a wurin.

Bana ban jira Oktoba ba. Ranar Asabar ta ƙarshen Agusta na koma gindin gada da littafi mai layi irin na 'yan makaranta, na tarar ruwa ya cika har gindin giyayya, laka ba ta fito ba tukuna, shamuwa kuma tana nan ba ta tafi ba. Na rubuta balbela 63, zalɓe 2, kirinjijiya 11, zakaran ƙeƙuwa 4, sai wasu ƙanana guda uku masu kaɗa wutsiya a bakin wata gona, waɗanda tsohon ya leƙa ta madubin, ya daɗe, sannan ya ce baƙi ne, na farko ke nan. Ya sa na karanta masa abin da na rubuta, ya gyara mini lissafin kirinjijiya ya ce 14 ne, akwai uku bayan burugu da ban gani ba, sannan ya ce in dawo bayan sati biyu, in zo da yaron da zai riƙe littafin idan ni da shi ba mu nan.